FILIN SANA'AR HANNU: Ribar baje koli daga gida ake ƙulla ta

Kaka ta wuce. Gero ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, iskan ɗari ya fara busowa daga gabas. Yanzu ne masaƙi ke kafa masaƙarsa a inuwa. Yanzu ne mata ke jiƙa kaba, suna saƙar tabarma, suna ɗinkin faifai. Makiyayi kuma yana bin dabbobinsa, yana tufkar igiya. Lokacin ɗari ne luru da bargo da hular ulu suke da daraja. Lokacin nan ne kuma aka fi cin kasuwannin baje koli cikin birane.

Filin wannan wata zai yi magana bisa kai kayan saƙa baje koli. Mutane da yawa suna tsammani riba tana can birni tana jiran su. Ba haka ba ne. Wanda bai yi lissafinsa ba tun yana gida, yana iya saida kayansa duka, ya komo da bashi.

MECE CE KASUWAR BAJE KOLI?

Kasuwar ƙauye tana ci kowane mako. Mai tabarma ya san masu sayen kayansa, su ma sun san shi. Abin da bai saida ba yau, sai ya aza ma jaki ya mai da shi gida. Mako mai zuwa ya sake kawowa. Bai yi hasarar komi ba sai yini guda.

Kasuwar baje koli, wadda wasu ke ce ma fuwar, daban take. Tana ci kwana 7 ko 10, sa'an nan ta watse. Ba ta sake ci sai bayan shekara 1 ko 2. Ana biyan kuɗin rumfa. Ana biyan mota, da abinci, da masauki. Masu saye kuwa baƙi ne: ma'aikata, da ƴan kasuwa masu sari, da mutanen wasu ƙasashe.

A Yamai akwai SAFEM, baje kolin sana'ar hannu ta mata, wanda aka fara a shekara ta 2000. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai SIAO, wanda aka fara a 1988. Shi kan tara masu sana'a daga ƙasashen Afirka da yawa. Ban da su, akwai wuraren da ake baje kaya kullum, kamar gidan masu sana'ar hannu na Wadata, da gidan tarihi na Bubu Hama da aka buɗe a Yamai a 1959.

Akwai kuma tarukan da ba su da nisa. Kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi, tana tara dubban mutane. Taron makiyaya na Ingal yana ci ƙarshen damina. Wanda bai taɓa fita da kaya ba, gara ya fara da taron da ke kusa da shi. Daga Tawa zuwa Yamai kilomita wajen 550 ne. Daga Maraɗi wajen 660. Daga Damagaram wajen 900. Kowane kilomita kuɗi ne.

INDA HASARA TAKE ƁOYE

Ga yadda abin yakan faru. Masaƙi ya ji labari birni ana sayen luru da tsada. Ba shi da kuɗin mota. Sai ya saida rago, ko ya fid da dami 10 daga rumbu. Ya isa birni, ya biya rumfa, ya zauna. Kwana 3 na fari mutane suna kallo, suna taɓawa, suna wucewa. Guzuri ya fara ƙarewa. Hankalinsa ya tashi. Ran da kasuwa za ta watse, sai wani ɗan sari ya zo ya taya kayan duka da rabin kuɗinsu. Masaƙi ba shi da kuɗin komawa, dole ya sallama.

Da ya iso gida aljihunsa da kuɗi, mutane suna yi mashi barka. Amma in an zauna an ƙidaya, kuɗin ba su kai na zare da na rago ba. Hasarar ba ta bayyana sai bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Iyali ne ke biyan ta.

Ba rashin kyan saƙa ya jawo wannan ba. Rashin lissafi ne. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

LISSAFI KAFIN A TASHI

Kowane kaya yana da kuɗi iri 3 cikinsa: kuɗin abin da aka yi shi da shi, ladan aiki, da rabonsa na kuɗin tafiya. Ga misali. Lambobin nan na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya sa kuɗin da ke ci a garinsu.

A ce luru guda ne.

Zare da rini: jika 6.
Saƙa da haɗa ƙwarya-ƙwarya: kwana 6. In ɗan ƙwadago yana samun jika 1 da rabi a yini, ladan kwana 6 ya zama jika 9.
Jimla: jika 15.

Masu sana'a da yawa suna mance ladan aiki. Su ce: ai hannuna ne, ban biya kowa ba. Wannan kuskure ne. Kwana 6 ɗin nan, da ya yi su a garka ko wurin wani aiki, da an biya shi.

Saura kuɗin tafiya. A ce masaƙin ya tafi shi kaɗai da luru 10.

Mota, zuwa da komowa: jika 20.
Kuɗin ɗaukar kaya: jika 5.
Rumfa: jika 30.
Abinci da masauki: jika 25.
Jimla: jika 80.

Ba kullum ake saida kaya duka ba. Mai hankali yana lissafi bisa 8 cikin 10. In an raba jika 80 gida 8, kowane luru ya ɗauki jika 10. Ke nan luru guda ya tsaya ma masaƙin jika 25: wato 15 da 10. Wannan shi ne kuɗin ƙasa. In ya saida a jika 25, bai ci riba ba, bai faɗi ba. In ya saida a jika 20, ya ba mai saye kyautar jika 5 daga aljihunsa. Riba tana farawa daga abin da ya ɗara 25.

In lissafi ya nuna kuɗin ƙasa ya fi abin da mutane za su iya biya, to a fasa tafiyar. A kai kayan kasuwar da ke kusa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

A sake lissafin nan, amma da masaƙa 5 da suka haɗa kai. Kowa ya kawo luru 10, sun zama 50. Suka zaɓi mutum 2 su tafi da kayan.

Mota ta mutum 2: jika 40.
Kuɗin ɗaukar kaya: jika 10.
Rumfa guda: jika 30.
Abinci da masauki, tukunya ɗaya: jika 40.
Jimla: jika 120.

In sun saida 40 cikin 50, kowane luru ya ɗauki jika 3 kaɗai. Kuɗin ƙasa ya zama jika 18, maimakon 25. Bambancin jika 7 ne bisa kowane luru. Mutum 3 kuma sun zauna gida, suna ci gaba da saƙa, suna kula da dabbobi. Su 2 da suka tafi, sai a yanka masu ladan kwanakinsu daga cikin riba.

Mutum 2 a rumfa sun fi 1. In ɗaya ya tafi salla ko neman abinci, ɗaya yana tsaron kaya. In masu saye sun taru, ɗaya yana ciniki, ɗaya yana sa ido.

Amma haɗin kai yana son littafi. In babu rubutu, gardama tana jiran su a gida. Kafin a tashi, a tara kowa. A ba kowane kaya lamba, a ɗinka ƴar takarda a gefensa. Cikin littafi a ja layi 5: lambar kaya, sunan mai shi, irin kayan, kuɗin ƙasa, da kuɗin da aka saida shi. A karanta da ƙarfi gaban kowa. Cikin masu tafiya, lalle ɗaya ya zama wanda ya iya karatu da rubutu. Mata masu tabarma da faifai su ma haka za su yi. Ƙungiyar da ke da littafi ba ta watsewa saboda zargi.

Manyan kasuwannin baje koli suna son a rubuta suna tun da wuri. A je ma'aikatar da ke kula da sana'ar hannu a jiha, a tambayi ranar buɗewa, da kuɗin rumfa, da takardun da ake bukata. Kada a hau mota bisa jita-jita. Kada a mance katin ɗan ƙasa.

DALA DA TAMMA

Ga wani rami da ke kada mutane. A ƙauye da dala ake ƙidaya. Amma lambar da ke rubuce bisa kuɗi tamma ce. Takardar jika guda an rubuta mata 1000, ba 200 ba. Baƙo da ma'aikaci, in sun ga lamba bisa kaya, tamma suke karantawa.

Dala 1 ita ce 5 F.
Dala 20 ita ce 100 F.
Dala 100 ita ce 500 F.
Dala 200, wato jika 1, ita ce 1.000 F.

A ce mace tana son dala 150 bisa faifanta. Ta rubuta 150. Baƙo ya miƙo mata 150 F, wato dala 30 kaɗai. In ta ƙi, ya ce ta sake magana. In ta karɓa, ta yi hasarar dala 120. Abin da ya kamata ta rubuta shi ne 750 F. Dokar mai sauƙi ce: a ninka dala sau 5, sa'an nan a sa harafin F a bayan lambar. A yi wannan aiki a gida, cikin natsuwa, ba tsakiyar hayaniyar kasuwa ba.

A tanadi canji kuma. Mai saye da ya miƙo jika 10 ba ya tsayawa a zagaya kasuwa neman canji. Sai ya aje kayan ya wuce.

AWO ƊAYA

Masaƙa sun saba awo da kamu da taƙi. Amma kamun dogo ya fi na gajere. In mutum 5 sun saƙa luru, kowa da kamunsa, za a samu tsawo iri 5. Mutumin birni yana da gado mai awo. Ɗan sari yana son guda 20 masu kama da juna. In ɗaya ya fi ɗaya, sai ya rage kuɗi, ko ya fasa.

Maganin abin sanda ce. A je wurin tela ko kafinta, a auna mita 1 daidai, a yanke sanda. A yi mata tsaga a tsakiya, wato santimita 50. Kowane ɗan ƙungiya ya samu irin ta. A shirya tsawo da faɗi, da yawan ƙwarya, kowa ya bi. Haka ga tabarma, haka ga igiya. A rubuta awon bisa takardar kaya: misali mita 2 da mita 1 da rabi.

A duba baki da gefe. Tabarmar Madawa ta yi suna saboda launi da kyan aiki. Mai saye yakan juya tabarma ya dubi bayanta, ya ja bakinta ya gani ko zai warware. Luru kuma wurin haɗin ƙwarya ake duba shi. In zanen wannan ƙwarya bai haɗu da na waccan ba, ido yana gani tun daga nesa. Kayan da ke da aibi a bar su gida. Guda ɗaya marar kyau yana rage darajar sauran.

A haɗa manya da ƙanana. Ba kowa ke da kuɗin tera-tera ko sakala ba. Matafiyi kuma ba ya iya ɗaukar babbar tabarma. Amma faifai, da ƙaramin lefe, da malafa, da hular jariri, kowa yana iya saye ya sa a jaka. Ƙananan kaya su ke biyan abinci na kullum, kafin babban ciniki ya zo.

ULU NA GASKIYA DA NA ROBA

Tumakin ƙasar Hausa, kamar uda da balami, gashi gare su gajere, ba ya kaɗuwa. Tumaki masu ulu suna bakin kogin Kwara, wajen Tilaberi. Ana ce masu kundum, kuma ba su da yawa. Akwai irinsu a Masina ta ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani ke saƙa barguna da ulunsu. Makiyaya kuma suna tufka igiya da gashin raƙumi da na akuya.

Ulun da ake saidawa ƙulli-ƙulli a kanti, wanda mata ke saƙa hula da safa da rigar sanyi da shi, yawancinsa ba na tunkiya ba ne. Na roba ne, daga man fetur ake yin shi. Ba laifi ba ne a yi aiki da shi. Yana da araha, yana wankuwa, asu ba ya cin shi. Laifi shi ne a ce ma mai saye na tunkiya ne.

Ga yadda ake ganewa. A yanko ɗan zare kamar tsawon yatsa. A fita waje, nesa da kaya. A riƙe shi da tsinke, a sa mashi ashana.

Ulun tunkiya ba ya son kama wuta. Yana ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Abin da ya rage baƙi ne, yana murjewa a yatsa.
Auduga tana ci da sauri. Tana ƙauri kamar takarda, ta bar toka mai laushi.
Na roba yana narkewa, yana baƙin hayaƙi. In ya huce sai ya zama ɗan dunƙule mai tauri. Kada a taɓa shi da zafi, yana manne ma fata.

Masu saye da yawa sun san wannan gwaji. Wanda aka kama da ƙarya sau ɗaya, labarinsa ya gama kasuwa kafin la'asar. A rubuta gaskiya bisa takarda: auduga, ko ulun tunkiya, ko ulun kanti. Zaren da aka kaɗa da mazari kuwa a faɗa, don ya fi na kanti daraja wurin wanda ya san shi.

RININ DA BA YA ZUBA

Baba yana ba da shuɗi. Karan dafi yana ba da ja. Rawaya tana ba da ɗorawa. Akwai kuma galurar kanti. Ko da wanne aka yi aiki, a gwada shi a gida. A jiƙa farin ƙyalle, a goga bisa kayan. In launi ya fito bisa ƙyallen, rinin yana zuba. A sake ɗauraye zaren ko kabar, har ruwa ya fita fari, a shanya a inuwa.

Mutumin da ya kwanta bisa sabuwar tabarma da farar riga, ya tashi da jan baya, ba ya sake komowa. Zai kuma gaya ma maƙwabtansa.

A koya ma mai saye wanki. Ulun tunkiya ba ya son ruwan zafi, ba ya son cuɗa da ƙarfi. In an yi haka sai ya ƙanƙance, ya dunƙule. Ruwan sanyi da ɗan sabulu sun isa, a shanya shi kwance a inuwa.

ƊAURI DA HANYA

Kaya masu kyau suna lalacewa a hanya. Tabarma naɗe ta ake yi, ba a ninke ta. Iskan ɗari yana busar da kaba har ta riƙa karyewa. A ɗan yayyafa mata ruwa kafin a naɗe, a bari ta sha iska. Kada a rufe kaya masu laima cikin leda, sai su yi fumfuna. Faifai da malafa a jera su ɗaya cikin ɗaya, kada a aza masu nauyi.

Barguna a shanya su, a kakkaɓe, a sa busasshen ganyen dogon yaro tsakaninsu saboda asu. A naɗe su cikin tsohon zane, sa'an nan a sa a buhu. A rubuta suna da gari bisa kowane ƙunshi. A tasha, mai kaya ya tsaya ya ga inda aka aza su. Kada su kusanci jarkar mai ko buhun gawayi. A masauki kada a aje su ƙasa, saboda gara.

ZAMAN RUMFA

A isa kwana 1 kafin a buɗe. A share rumfa. A ɗaura igiya, a rataya luru da bargo a buɗe, don a ga zanensu daga nesa. Kayan da ke ninke cikin buhu ba su kiran kowa. Ƙananan kaya a sa su gaba, inda hannu ke kai.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A gai da wanda ya tsaya, ko bai sayi komi ba. A bar shi ya taɓa, ya tambaya. In da hali, a tafi da abin aiki. Mace tana ɗinkin faifai, ko tana kaɗi da mazari, mutane sukan taru su yi kallo. Wanda ya ga wahalar aiki da idonsa ba ya raina kuɗinsa.

Wurin ciniki, a fara da kuɗin da ya ɗara na ƙasa, don a samu wurin ragi. In tayi bai kai kuɗin ƙasa ba, a ce albarka, da fara'a. Kada a karya kuɗi tun ran fari don maƙwabci ya karya. Kowane kaya da ya fita, a rubuta shi nan take. Da dare a ƙidaya kuɗi, a gwada da littafi. In kuɗi sun taru, a aika da su gida ta gidajen aika kuɗi, a adana takardar shaida. Kuɗin komawa kuwa a ware su tun ran fari, kada a taɓa su. Wanda kuɗin motarsa ke aljihu, ɗan sari ba ya matsa mashi ran ƙarshe.

Kayan da suka rage ba hasara ba ne. Luru ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa. Ana iya mai da shi gida, a jira wata kasuwa.

ABIN DA YA FI CINIKIN RANA

Babbar ribar baje koli ita ce sanin mutane. A rubuta sunan ƙungiya, da gari, da lambar salula bisa ƙananan takardu, a ba duk wanda ya saya. Mai kanti da ya ji daɗin kaya yana iya kira bayan wata 2, ya ce a yi mashi 30.

In an samu irin wannan aiki, a rubuta abu 4: yawan kaya, awo da launi, kuɗi, da ranar kaiwa. Kowane ɓangare ya riƙe takarda guda. A karɓi wani abu daga cikin kuɗin tun da fari, ko da na zare ne. Kada a ɗauki abin da ya fi ƙarfin hannu. A tuna damina tana tafe, kuma in ruwa ya sauka kowa gona zai nufa. Gara a ce 15 a cika, da a ce 30 a kasa. Kyan alkawari cikawa.

A zagaya rumfunan wasu kuma. A ga abin da ke fita da sauri, da launin da ake so, da yadda wasu ke gama bakin aikinsu. Wannan makaranta ce ta kyauta.

A TUNA DA KABA

In ciniki ya buɗe, yankan kaba yana ƙaruwa. Kaba kuwa ita ce ƴar goriba. In ana yanke ta kullum har zuciya, ba ta girma ta zama itace. Mutanen Gulbin Kaba, wajen Tasawa da Mayahi, sun ga yadda goriba ke raguwa in yanka ya yi yawa. Mai yanka ya ɗebi ganyen gefe, ya bar na tsakiya. Cikin kowace gona a zaɓi waɗansu a bar su su tashi. In kaba ta ƙare kusa, sai an sayo ta daga nesa, kuɗin ƙasa ya hau, riba ta ragu.

IN AN KOMO GIDA

Kada a raba kuɗi a tsaye. A tara ƴan ƙungiya duka, a buɗe littafi. A fid da kuɗin tafiya. A biya bashi in akwai. A ba kowa kuɗin kayansa bisa lamba, a mai da ma kowa abin da ya rage nasa. Daga cikin riba a aje wani abu a asusu, don zare da rumfar baɗi. Ƙungiyar da ta yi haka, baɗi ba ta saida rago ko hatsi don ta hau mota.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin nan zai yi bayani bisa rinin kaba da karan dafi, da yadda ake sa shi ya kama. Masu sana'ar da suka taɓa zuwa baje koli su aiko da wasiƙa, su faɗi abin da suka gani, don wasu su ƙaru.